Ɗaki Ya Tashi, Saura Ciki: Hannun Maigida ko na Mai Sana'a?

A Kurna da Ɗorayi da Sheka, da Rigasar Kaduna, da sauran unguwannin da talaka da ƙaramin ma'aikaci ke zaune, gida tare da iyali yake girma. A fara da ɗaki biyu da zaure. Yaro ya isa aure, a yanki tsakar gida a fitar masa da ciki da falo. Tsohuwa ta gaji da zaman ƙauye, a manna mata ɗaki a jikin katanga. Irin wannan ƙari ba a kira masa ɗan kwangila. Maigida ne injiniya, shi ne mai sayen kaya, sau da yawa ma shi da samarinsa ne leburori ranar Asabar da Lahadi. Tayar da bulo kuwa ba ya cin rai sosai: kafin maƙwabta su ankara an kai linta, kafinta ya ɗora katako, an buga kwano. Wanda ya hango daga bakin titi sai ya ce ɗaki ya kammala.

Sai ka leƙa ciki. Bulo tsirara, ƙasa ba daɓe, kwano na kallonka daga sama, taga an toshe ta da tsohon buhu. Nan aiki ke tsayawa, wani lokaci shekara guda ko fiye, domin abin da ya rage, wato wayarin da filasta da silin da tayil da fenti da ƙofofi, yakan ci kuɗin da ya kusa na tayar da ginin, in ma bai ɗara ba. Nan kuma gardama ke tashi a majalisa. Wasu su ce wanda ya iya tsayawa aka ɗora bulo har rufi, ya ɗauki kwanon sarki a kansa, ba shi da dalilin miƙa sauran aikin ga wani. Ya sayi cokali da burushi ya ƙarasa abinsa. Wasu su ce a'a, ɗanyen gini kowa na iya sa hannu, amma ƙarashe aikin masu shi ne.

Masu cewa a yi da kai da aljihu suke farawa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, babu kayan ginin da bai tashi ba. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000 a garuruwa da dama, har gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge zama a Abuja. Mutum ya gama kokawa da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa, ya dawo gida ya tarar da layin masu jiran nasu: birkila da yaransa, mai wayarin, mai silin, mai tayil, mai fenti, kowa da jingarsa, kowa da kuɗin abincin rana. Kuɗin kaya babu yadda za ka yi da shi. Kuɗin hannu, in ji su, shi kaɗai ne wurin da talaka ke da ikon ragewa, tunda shi ma Allah Ya ba shi hannu biyu.

Hujjarsu ta biyu ta fi zafi, don daga ciwo take fitowa. Da wuya ka sami wanda ya taɓa gini ba shi da labarin mai aikin da ya karɓi kafin alƙalami ya yi ɓatan dabo. Ka kira waya, "Alhaji ga ni nan a hanya, yanzu-yanzu za ka gan ni," alhali yana can wata unguwa ya kama aiki na uku. Ya zo ranar da ba ka nan, ya cika yashi ya rage siminti, ragowar buhun ta bi ta ƙofar baya. Mai fenti ya tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar kokon gidan rowa, ya shafa sau ɗaya ya ce maka biyu. Akwai masu amana a cikinsu, da yawa ma, amma samun su sai an tona, kuma su ne kullum aiki ya yi musu yawa. Ga shi aikin ɗaki ɗaya ba ya burge ƙwararre. Yana da gidan sama a hannu, kai kuma kana so a yi maka bango biyu wannan wata, biyu in albashi ya shigo. Wa zai bi ka da irin wannan tafiya? Hannunka ne kaɗai zai jira ƙarshen wata bai yi maka ƙorafi ba.

Akwai masu ɗauko tarihi. Suna cewa tun asali cikin ɗaki a ƙasar Hausa ba aikin haya ba ne. Magini ya jera tubali, ya ɗora azara, ya karɓi ladansa ya tafi. Daɓe na mata ne: a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna duka suna waƙa, a bi da ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi ƙarfi ta ɗauki sheƙi. Farar ƙasa uwargida ke jiƙawa ta shafe ɗakinta gabanin salla. Yaɓen katanga maigida da samarinsa ke yi kafin damina ta sauka. To yaushe, suke tambaya, muka zama mutanen da ba sa iya sauya wa ɗakin kwanansu launi sai sun kira wani?

Sai 'yan zamani, masu waya a hannu. A YouTube babu aikin da ba a nuna shi dalla-dalla ba, daga yankan tayil har ɗaura silin. Su da Amurka suke kafa hujja, inda yi da kanka ya zama al'ada kuma ya zama kasuwa. Kamfanin kayan gini na Home Depot ya buɗe shagunansa na farko a Atlanta a 1979, shekarar da aka fara nuna shirin talabijin na gyaran gida mai suna This Old House a Boston, kuma a can malamin makaranta ko akawu ya ƙara ɗaki a gidansa ya ƙarasa cikinsa a ranakun hutu ba labari ba ne. In Bature mai digiri bai ji kunyar ɗaukar guduma ba, mu me ya hana mu in ba girman kai ba?

Wannan hujja ta Amurka ita ɗaya ɓangaren ya fi jin daɗin rusawa, kuma ni dai na ga sun rusa ta. Gidan Amurka galibi na katako ne. Bangonsa ginshiƙan katako ne a jere, inci 16 tsakani, a cusa abin tare sanyi, a kawo allon jifsam mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a ɗaure shi a kai. Allon daga masana'anta ya zo a miƙe sumul, aikinka kawai ka toshe mahaɗa ka goge. Ka yi kuskure, ka kwance ka sake. A yawancin garuruwansu ma ba ka da ikon rufe bangon sai jami'in hukuma ya zo ya ga waya da bututun ruwa da idonsa ya sa hannu, don haka akwai wanda ke tsaye tsakanin ɗan koyo da kuskurensa. Mu da bulo da siminti muke gini. Santsin bangonmu daga wuyan hannun birkila yake fitowa, ba a sayen shi a kwali. Izinin da hukumomin tsara birane irin su KNUPDA ta Kano ke bayarwa kuma ya fi shafar fili da zane da hanya. Abin da ka binne a bangon ɗakinka tsakaninka da Allah ne.

Lissafin kuɗin ma a juye yake, kuma nan ne na ga masu yi da kai ba sa son tsayawa. A can ladan mai sana'a ne ke da tsada, kaya na da sauƙi, shi ya sa wanda ya yi da kansa ke tsira da kaso mai tsoka, in ya ɓata allo biyu bai yi wata asara ba. A nan kaya ne tsada, hannu araha. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan murabba'in mita 13 da rabi. Tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, kwali ɗaya na rufe murabba'in mita 1.44, ke nan kwali 10, a ƙara ɗaya saboda yanka da fashewa. Je ka tambayi kuɗin kwali 11 da simintin da za a kwantar da su, sannan ka tambayi mai tayil nawa zai karɓa a kan ɗakin. Ladansa ba ya kai rabin kuɗin kayan. Wanda ya ce zai ceci ladan, kayan ya sa a caca. Layin farko ya ɗan karkace da kaurin farce, kafin a kai bango na can ya zama kaurin yatsa. A bar rami a ƙarƙashin tayil, ranar da aka jawo ƙafar gado a kai ya tsage. Tayil ɗin da aka ɓamɓare kuwa ba ya komawa. Garin neman gira, in ji su, a rasa ido.

Wanda ke ganin filasta wasa ce ya samu rana ya tsaya kusa da birkila. Yana jiƙa bulon tukuna, don busasshen bulo tsotse ruwan kwaɓi yake yi ya bar shi ba ƙarfi. Ya ja igiya, ya kafa 'yan alamomi a bango don kaurin ya zo daidai, kamar santimita ɗaya da rabi. Ya ɗebo kwaɓi a cokali ya watsa da wata 'yar karkaɗar wuyan hannu, kwaɓin ya manne tsam bai zubo ba. Ya bar shi ya ɗan sha iska, ya kawo dogon katako ya share tudu ya cike kwari, sannan ya bi da katakon goge yana kewayawa. Duk wannan yana yi yana musun ƙwallo da yaronsa. Karɓi cokalin ka gwada, rabin abin da ka watsa a kan ƙafarka zai sauka. Siminti kuma ba ya jiran kowa. Da zarar ya sha ruwa ya soma kamawa, kwaɓin da ya kai awa biyu a ƙasa ya fara mutuwa, ƙara masa ruwa ba ya tashinsa. Ɗan koyo a hankali yake aiki, don haka ko dai ya zubar da kwaɓi ko ya shafa matacce. Ƙari a kan haka, bangon da maigida ya tayar da kansa sau da yawa ba a miƙe yake ba, akwai inda sai an cika da kauri ninki biyu, wanda ba a yin sa a shafi ɗaya. Ranar da aka yi aikin ba a ganin aibinsa. Sai an yi fenti an kunna ƙwai da dare, haske ya bi jikin bango ya tona kowane tudu.

Ga masu tarihi ma an tanadi amsa. Ƙasa tana yafiya: yaɓe ya ɓaci bana, a jiƙa a sake baɗi, ba a sayi komai ba sai gumi. Siminti ba ya yafe wa kowa, gyaransa sai da guduma. Daɓen ma da ake magana, gayya ake yi masa, da tsofaffin da suka daɓe ɗakuna ba adadi suna gaba suna nuna wa yara inda madaɓi bai taka ba. Mace ɗaya ba ta shiga ɗaki ta daɓe shi da abin da ta ji a bakin mutane. Kuma kakannin nan sun san inda iyakar hannun kowa take. Laso, shafen da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, aikin magina ne. Rufin baka da zanen bango sana'a ce mai sarkinta, Sarkin Magina, ana gadonta uba da ɗa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu ba da gayyar unguwa aka ɗaga bakansa ba.

Akwai kuma inda ɗakin ƙari ya bambanta da sabon gida, wanda bidiyon intanet ba ya yawan faɗa, wato mahaɗa. Tsohon gini ya riga ya zauna, ya gama nitsewa cikin ƙasarsa tun shekarun baya. Sabon yana kan zama. Inda suka haɗu nan tsaga ke fitowa, siririya daga sama har ƙasa, wani lokaci bayan damina ɗaya tak. Wanda ya san aiki tun wajen gini yake ɗaure sabon bulo da tsoho da guntayen rodi, in aka zo filasta ya shimfiɗa ragar waya a kan mahaɗar kafin ya shafe. Bangon da a dā na waje ne yanzu ya koma na ciki, da tsohon fentinsa da ƙurar shekaru, sabuwar filasta ba ta kama shi sai an sassare fuskarsa. Tsayin daɓe ma magana ce: in ƙasan sabon ɗakin ya yi daidai da tsakar gida ko ya fi ta ƙasa, ruwan Agusta ɗakin zai nufa. Inda sabon kwano ya jingina da tsohon bango, in ba a shigar da bakinsa cikin bangon an toshe ba, ruwa zai bi ya sauka a kan silin ya zana masa taswira. In kuma ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin daɓen siminti ba, danshi ya hau bango, fenti ya kumbura, wani farin gishiri ya riƙa fitowa daga ƙasa zuwa gwiwa. Duk waɗannan kafin a rufe ake magance su. Mai sana'ar da ya taɓa komawa gyaran irinsu ya san inda zai duba, maigida kuwa wannan ne ɗakinsa na farko.

Da aka zo kan wuta, ko masu zafin yi da kai sukan sassauta murya. Abin da aka saba gani shi ne a jono waya daga soket ɗin ɗakin da ke kusa, a bi da ita ta cikin silin, a ce ai ƙwai biyu ne da fanka. Ƙwai da fanka waya mai milimita 1.5 ta ishe su. Soket yana son 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka suna son 4, kowanne da layinsa daga akwatin rabon wuta. Amarya kuwa ba da ƙwai biyu take tarewa ba. Da firij take zuwa, da dutsen guga, da tukunyar lantarki, duk su hau kan siririyar wayar da aka aro daga ɗakin uwar miji. A kasuwa akwai wayar da fuskarta jan ƙarfe ne cikinta alminiyom, sai ka kankare bakinta da wuƙa fari ya bayyana. Akwai mahaɗar da aka murɗa da yatsa aka naɗe da salatif aka jefa cikin silin, tana zafi a hankali a wurin da babu mai gani, ga katako ga silin roba a gefenta. Wuta ta dawo da ƙarfi ƙarfe biyun dare, kowa na barci. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne ka ce wa mutum ya nuna maka tasa. Bango mai tudu kai kaɗai yake ba kunya. Gobara ba ta tsayawa a katangarka.

Uwargida ma tana da ta cewa, ko da ba a kiran ta majalisa. Ita ta san abin da "zan ƙarasa da kaina" ke nufi: yashi a tsakar gida wata shida, yara na wasa a ciki, ƙura a kan tukwane. "Malam, wai yaushe za a gama ɗakin nan?" "Sai Asabar in Allah Ya kai mu." Asabar ta zo da ɗaurin aure, ta gaba da jana'iza. Daga ƙarshe a ce a shiga haka nan kafin a gama. Ɗakin da aka shiga kafin a gama kuwa ya gamu ke nan, domin babu mai fitar da gado da kujeru da durowa don a yi filasta. In ɗakin aure ne, ga dangin amarya za su zo ganin ɗaki, su auna bango saboda kayan jere, idonsu na kan kusurwa da dokin ƙofa, kuma abin da suka gani ba a ɗakin zai kwana ba.

To ke nan a miƙa wa masu sana'a makulli a koma gefe? Nan ne ɓangare na biyu ke zaƙewa. Ba duk mai riƙe da cokali ne birkila ba. Yaro ya yi 'yan watanni yana miƙa kwaɓi, ya sayi cokalinsa, gobe ya zama oga. Da hannun gida ya wadatar, da masu kuɗin Abuja da Legas ba sa neman masu tayil da masu silin daga Togo da Kwatano suna biyan su fiye da na gida. Sau da yawa maigida ba tsakanin hannunsa da na gwani yake zaɓe ba, tsakanin ɗan koyo mai tausayin kayansa ne da ɗan koyon da ba ruwansa.

Kuma akwai aikin da ko gwanin ka samu ba zai yi maka ba, wanda shi ne rabin ƙarfin filasta: ban ruwa. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri ya tsaya inda yake. Sabuwar filasta tana son a riƙa jiƙa ta safe da yamma har kwana bakwai. Birkila ya gama ranar Talata, Laraba yana wani gida. A hunturu, da iskar nan mai tsotse komai, ko a zafin Afrilu, bangon da ba a ba ruwa ba cikin 'yan kwanaki zai yi tsage-tsage, ka goga hannu yashi ya biyo ka, sai a ɗora wa siminti laifi ko a ce birkila ya yi ha'inci. Wannan aikin bokiti ne da moɗa, yaro ɗan firamare zai iya. Haka ƙirgen awo. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, kwaɓin filasta kuma kashi ɗaya na siminti ne ga huɗu zuwa shida na yashi, ke nan kwano 8 zuwa 12 a buhu. Maigidan da ya san wannan, ya tsaya shi ke ɗebo yashin da kansa, ya toshe ƙofar ha'inci ba tare da ya zargi kowa ba. Shi zai duba yashin ma, ya damƙa ya ga ko laka ta yi masa yawa. Tayil kuma, washegarin da aka kwantar, ya ɗauki makulli ya bi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna daram sautinsa a toshe yake. Wanda ya yi ƙwal-ƙwal akwai rami a ƙasansa, a ɗaga shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Ni inda na tsaya, tambayar da ta fi "zan iya?" amfani ita ce: in na ɓata, za a gani a gyara, ko binne shi za a yi? Waya, bututun ruwa, ledar ƙasa, mahaɗar tsohon bango da sabo, waɗannan binne su ake yi, a ba wanda ya san su, a biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba. Kafin a shafe su maigida ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa, don ranar da za a buga ƙusar labule a san inda bututu ya bi. Filasta da tayil a ba mai sana'a cokali, maigida ya zama leburansa. Ya ceci kuɗin lebura, ya tsare kayansa, ya kuma koyi abin da zai yi amfani da shi a ɗaki na gaba. Silin roba, in kafinta ya ɗaura katakon a miƙe, mai haƙuri zai iya jera shi. Silin POP kuwa nauyi gare shi, a kan mutane yake rataye, ba wurin gwaji ba ne. Wanda zai haɗa sabon silin da tsoho ya kula da tsofaffin allunan asbestos da ke gidajen dā, kada ya sa musu zarto ko injin yanka, ƙurarsu na jawo cutar daji a huhu bayan shekaru.

Fenti ne na ga babu dalilin kiran kowa, sai ga wanda ba shi da lokaci ko ƙafarsa ba ta son tsani. Bokiti ɗaya mai lita 20 na fentin ruwa mai kyau ya ishi ɗaki shafi biyu har da ragowa. Abin da yake bukata a goge bango, a kakkaɓe ƙura, a tsinka shafin farko don bango ya sha, a bari ya bushe, a sake. Ka ɓata, ka sake shafawa, ba a fasa komai ba. Masu cewa ana toshe wa mai fenti abinci su kwantar da hankalinsu, gidajen sama ba su ƙare ba.

Sai dai fentin ma yana da tarkonsa, kuma maigida da mai sana'a duk suna faɗawa, don ba rashin iyawa ke jefa su ba, ranar biki ce. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin ta karɓi fenti, a damina ma fiye. Danshin da ke cikinta da kaifin siminti suna cin launi, su tayar da fenti ya riƙa ɓarewa. An sa rana saura kwana goma, filasta jiya aka gama, mai fenti ba zai ce maka a'a ba tunda kuɗi zai karɓa, kai ma ba za ka ce wa kanka a'a ba tunda 'yan jere na tafe. Wanda ya tsinci kansa a nan gara ya shafa farar ƙasa, wadda ba ta hana bango fitar da danshinsa, a yi biki da ita, in rani ya yi a jawo kaya tsakiyar ɗaki a rufe da leda, a kankare ta tas a yi fentin gaske. Fentin mai dai kada ya kusanci ɗanyen bango ko da surukai za su yi gunaguni.